Hannun Kujerar Baba

Ranar da ɗan sanda ya dawo mana da Baba gida, ranar Yaya ya sayo kwaɗo. Ko ɓoyewa bai yi ba. Ya shigo da shi a cikin kwalinsa, ya ɗora a kan firji, ya juyo ya dube ni.

Ya ce, "Auta, kin ga wannan? In ya sake fita, a ƙofar ɗakinsa zan sa shi, ta waje. Ba zan zauna ina kallo mota ta take mana uba ba."

Na ce, "Uban naka za ka kulle kamar kayan shago."

Ya ce, "Kayan shago ba sa tsallaka titi."

Duk abin nan Baba na tsaye a tsakiyar falo da takalmansa a ƙafa, yana yi wa ɗan sandan godiya. A bakin babban titi aka tsince shi, inda motoci ke ɓullowa ta ko'ina, yana tambayar masu wucewa hanyar gidansa. Da ɗan sandan ya tafi sai ya juyo gare mu cikin ladabi, ya ce mun yi masa karamci ƙwarai, Allah ya saka da alheri, amma yamma ta yi, yana so ya koma gida kafin iyalinsa su fara nemansa. Iyalin nasa kuwa mu ne, ga mu tsaye a gabansa muna faɗa a kan kwaɗo.

Bari in ɗan koma baya. Baba mai gyaran kujeru ne tun kafin a haife mu. Ya cire tsohon yadi, ya sa sabon soso, ya ja sabon yadi a kai ya buga da ƙananan ƙusoshi, aikinsa ke nan. Shagonsa na ƙasa, ɗakunanmu na sama. Mantuwa ta fara kama shi bayan rasuwar Inna, amma a tsohon gidan ba ta dame mu ba, don ko kansa ya manta hanya ƙafarsa ba ta mantawa. Da aka zo faɗaɗa titi aka rushe layinmu gaba ɗaya, sai na ɗauko shi ya dawo wurina, a saman wani bene, ɗaki biyu da falo. Kusurwa ɗaya ta falon ta keken ɗinkina ce, don ni tela ce. Tun daga ranar ya zama baƙo. Baƙo ne mai kirki, ba ya ƙorafi, ba ya neman ƙarin abinci, kuma ba ya yarda ya cire takalmi. Ni ma na tashi daga Almakashi, sunan da ya raɗa mini tun ina ƙarama saboda bakina, na koma "baiwar Allah". Wannan ya fi komai ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Ba yadda ban yi ba. Na gaya masa gaskiya, cewa an rushe gidan. Ya yi mini jaje, ya ce masu gidan sun ba shi tausayi. Na ɗauke shi a mota na kai shi wurin, muka tsaya a gefen sabuwar kwalta, na nuna masa daidai inda shagonsa yake da, inda yanzu aka kafa fitilar titi. Ya duba hagu ya duba dama, ya ce direban ya yi ɓatan kai, amma kada in yi masa faɗa, yaro ne. Na ɓoye takalmansa, ya sa nawa.

Da laifin Yaya a ciki, kuma a gabansa na faɗa. Baba yana da kujera guda mai hannuwa wadda ya yi wa kansa, a kanta ya tsufa. Ranar tashi Yaya ya sa aka wuce da ita wurin wani mai gyara, wai zai yi wa Baba bazata. Ta dawo cikin baƙar leda tana sheƙi kamar kujerar jiran likita. Yaya ya shafa ta yana murmushi, ya ce yanzu ko shayi ya zube tsumma kawai za a sa. Baba ya zagaya ta sau ɗaya, ya ce aikin ba laifi, ya tambaya ko ta maigidan ce. Daga nan ya ja kujerar roba ya ajiye kusa da ƙofa, ya ɗosana a bakinta, hularsa a kan gwiwa. A nan yake yini.

Yadin da Yaya ya sa aka yage ba na banza ba ne. Ulu ne, irin wanda masu kanti ke kira tuwid, ruwan toka da ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa, saƙarsa kamar ƙashin kifi. Bandir guda Baba ya sayo don kujerun wani ofis, sai matar mai ofishin ta zo ta gani ta ce launin ya yi kama da tsufa. Bandirin ya dawo gidanmu ya zauna, Baba kuwa ba ya yar da abu. Kujerarsa ta samu, matasan kujerun falo suka samu, labulen ƙofar shago ya samu, jakar makarantar Yaya ma ta samu, abin da har yau bai yafe ba. Ragowar Inna ta yanka ta ɗinka wa kanta doguwar kwat ta sanyi. In ta sa rigar ta zauna a kujerar Baba, kai da ƙafafu kawai ake gani. Baba yakan shigo ya yi kamar bai gan ta ba zai zauna a kanta, ita kuma ta ce masa ba shi da kunya. Shekara da shekaru wasa ɗaya suke yi, kuma kullum sai sun yi dariya.

A hannunsa na gane. Ina kan keke ina ɗinka wa wata mata siket, na ɗaga kai na ga hannun damansa yana shafar gwiwarsa, daga baya zuwa gaba, ya ɗaga, ya koma baya, ya sake shafawa. Ya yi a kan tebur. Ya yi a jikin labule. Ya je wurin baƙar kujerar ya yi sau ɗaya, ledar ta yi ƙara a ƙarƙashin tafinsa, ya janye hannun ya goge a rigarsa. Haka na taso na ga yana yi wa hannun tsohuwar kujerar, in yana jin rediyo, in yana yi mana faɗa, in yana jiran abinci, har wurin ya yi laushi kamar bayan kyanwa. Na ce a raina, abin da yake fita nema a titi ke nan.

Washegari na bar shi da maƙwabciyata, na tafi wurin mai gyaran da Yaya ya kai wa kujerar. Na same shi yana cin gyaɗa a kan wata kushin da aka farke wa ciki.

Na ce, "Tsohon yadin kujerar nan mai hannuwa da yayana ya kawo maka, yana ina?"

"Wanne?"

"Ruwan toka, na ulu."

"Oho, mai warin nan."

Na ce warin ubana ne, ya ci gaba da bayani.

Ya ce ya ba makanikin da ke gefensa yana goge hannu. Muka je wurin makanike. Makanike ya ce yadi ne mai kyau ƙwarai, bai taɓa samun tsumman da ke shan baƙin mai kamarsa ba, in ina da saura in taimaka masa. Ya nuna mini abin da ya rage a ƙarƙashin wata mota. Na duba, na yi musu sallama, kuma ban zagi kowa ba, abin da har yanzu yake ba ni mamaki.

Daga nan na wuce layin masu yadi. Mai kantin da na saba saye a wurinsa ya sauko mini da tuwid kala-kala, ya shimfiɗa a kan kanta yana ta yabonsu: wannan na kwat ne, wannan na siket, wannan ana labule da shi, wannan kuwa ko kujera ko riga duk ya yi. Akwai wani ruwan toka mai ƙashin kifi, kusan irin namu. Na rufe ido na shafa. Yana da laushi, na yarda, amma laushin sabon abu ne, yana ɗan cizon tafin hannu.

Na ce, "Kana da wanda ya tsufa?"

Ya ce, "Hajiya, a nan sabo muke sayarwa. Tsufan a gida ake yi."

Na sa ya yanko mini. A gida na lulluɓe hannun kujerar da shi na kama da fil, na kira Baba. Ya taso da takalmansa, ya shafa, ya murza gefen tsakanin yatsu biyu. Ya ce, "Ulu ne mai kyau, baiwar Allah. Allah ya sa ku more shi." Ya koma kujerar roba.

Sai na shiga aikin tsufar da yadi. Na turara shi da dutsen guga da jiƙaƙƙen tsumma. Na goge shi da buroshin takalmi. Na shimfiɗa shi a kan kujerar keke na yi ta zama a kai kwana da kwanaki. Ƙarshe haushi ya sa na jefa shi a ruwan zafi na cuɗa, ni da na san ulu ba ya son haka, ni da nake yi wa masu kawo ɗinki faɗa a kan hakan. Ya fito ya tsuke ya yi tauri, ya koma kamar abin goge ƙafa. Yana bakin ƙofar banɗaki yanzu, aikin da yake yi ke nan.

Ana cikin haka Baba ya sake fita. Na shiga kicin sauke tukunya, na fito na tarar da kujerar roba ba kowa. A ƙasan matattakala na cim masa, ya riƙe wa wata mata ƙofa yana tambayarta inda ake hawa mota. Na roƙi maƙwabciyata kada ta gaya wa Yaya. Ta rantse ba za ta gaya masa ba, kuma ta cika alkawari, matarsa ta gaya wa. Da yamma sai ga Yaya da sukundireba da ƙarfen nan da ake rataya kwaɗo a jiki. Ya sunkuya a ƙofar ɗakin Baba yana ɗaurawa. Baba ya zo ya tsaya a kansa, ya ce masa ƙarfen ya karkace, ya sa hannu ya riƙe masa ƙarfen har ya gama. Yaya ya miƙe ya sa sukundireban a aljihu. Bai sa kwaɗon ba a ranar. Ya ce ya ba ni zuwa ƙarshen mako, in ya zo ya ji an sake, ba sai mun yi doguwar magana ba.

Ya fi ni gaskiya, kuma ba abin da na tsana a duniya kamar Yaya ya fi ni gaskiya.

Rigar Inna tana cikin akwati a ƙarƙashin gadona. Da aka raba kayanta abu biyu na ɗauka, keken ɗinki da rigar. Ban taɓa sa ta ba, hannuwanta sun yi mini gajarta. Nakan buɗe akwatin in canza kafur saboda asu, in sa fuskata a wuyan rigar, in mayar in rufe. Tun ranar da na dawo daga wurin makanike na san tana nan, na yi ta yi kamar ban sani ba. Ina son rigar nan fiye da yadda nake son wasu daga cikin dangina, kuma su ma sun sani.

Na shimfiɗa ta a kan teburin yanka. Ɗinkin Inna ne, ƙanana a jere, ba inda ta yi ha'inci ko a ƙarƙashin shafi inda ba mai gani. Hannun dama ya fi laushi, nan take rataya jaka, nan ne kuma ke gogar tebur in tana yanka da sanyi. Ban sa almakashi ba. Da reza na bi ɗinkin kafaɗa zare-zare, ina farkewa ina yi mata mita a raina, don ta ɗinka shi kamar za a je yaƙi da shi. Na yi kuka, amma na kau da kai gefe kada ya ɗiga a yadin.

Na buɗe hannun rigar ya zama shimfiɗa, na goge shi da tururi. Na yanke ledar hannun kujerar na dama, kuma na ji daɗin yankan ƙwarai. Na ɗauko gwangwanin ƙusoshin Baba da ƙaramar gudumarsa, waɗanda ba a taɓa ba tun tashinmu, na ja yadin na buga. Ni tela ce ba mai kujera ba, amma a idona ya yi kyau. Kujera baƙa, hannu ɗaya ruwan toka, kamar wadda aka yi wa ɗori.

Wannan karon ban kira shi ba. Na koma kan keke na yi kamar ina aiki. Ya daɗe kafin ya taso. Ya zo ya tsaya, ya ɗora tafin hannu, ya shafa daga baya zuwa gaba. Ya dakata. Ya sake shafawa.

Ya ce, "Wa ya yi wannan aikin?"

Na ce, "Ni ce."

"A ina kika koya?"

"A gida."

"To gidan ba su koya miki komai ba. Zo nan."

Na zo. Ya kama hannuna ya ɗora a kan yadin ya ja shi gaba, gashin ulun ya ɗan tokare mini tafi. Ya sake jan hannun baya, sai gashin ya kwanta luf.

Ya ce, "Kin ji? Kin juya shi. Yadi yana da gaba yana da baya. Mai zama waje yake shafawa, ba ciki ba. Duk wanda ya zauna a nan zai yi ta jin haushi bai san dalili ba. Miƙo mini filaya."

Na miƙa masa. Ya yi ƙoƙarin tsugunawa takalman suka hana shi, sai ya cire su ya tura gefe da ƙafa, ko kallonsu bai yi ba. Ni na kalle su. Na lallaɓa na ɗauke su na kai bayan firji.

Rabin yini ya yi a kai. Ya zare ƙusoshina ɗaya bayan ɗaya yana tsaki, yana tara su a bakinsa yadda ya saba, ni kuma ina tsoron kada ya haɗiye. Bai haɗiye ba. Ya juya yadin, ya ja, ya daidaita ƙashin kifin ya miƙe da hannun kujerar, ya naɗe kusurwa ta kwanta kamar a wurin aka saƙa ta. Da ya gama ya ce sai an gwada. Ya zauna. Hannunsa ya fara tafiya da kansa, daga baya zuwa gaba. Kafin in kawo shayi ya yi barci, baki a buɗe. Na tsaya da kofi a hannu ina kallonsa har shayin ya huce, na shanye abina.

Na kira Yaya a waya na ce in ya samu sarari ya zo ya kwance ƙarfensa. Da gadara na faɗa, ban rage komai ba.

Da safe na fito na tarar da Baba a bakin ƙofa. Ya lalubo takalmansa a bayan firji ya sa. Ya ce, "Baiwar Allah, na duba kujerar nan, ba ta da gyara. Wanda ya yi ta ya san aiki. In ba wani abu, zan koma gida."

Ban san lokacin da na ce, "Akwai gyara, Baba. Ka yi wanka tukuna."

Yana shiga banɗaki na ɗauki filaya. Na zare aikinsa duka, aikin da ban isa in yi irinsa ba, na juya yadin kamar na jiya, na naɗe kan gudumar da tsumma don kada ya ji, na buga. Na karkatar da kusurwa ɗaya don ƙari. Ya fito yana goge kai, ya shafa, ya dakata.

Ya ce, "Wa ya yi wannan aikin?"

Haka zamanmu ya koma. Da safe ne ƙafarsa ke ƙaiƙayi, don mutum ne da duk rayuwarsa in ya karya kumallo shago yake sauka. To da safe in ɓata, shi ya gyara, da rana ya gwada ya yi barci, da yamma ya zauna yana shafawa yana jin rediyo, ba ya ko kallon ƙofa. Kullum sai na sha faɗa iri ɗaya, kalma ba ta canzawa. Masu kawo mini ɗinki suka saba, har wata ta ja ni gefe ta ce ita ma a ganinta ya kamata a ce na koya zuwa yanzu.

Ƙarshen mako Yaya ya zo da wuri, ya same ni a tsugune da filaya, ruwa na zuba a banɗaki.

Ya ce, "Me kike yi?"

Na ce, "Ɓata aiki."

"Da gangan?"

"Kai ka fara. Har mota ka ɗauka ka kai a ɓata. Ni a gida nake yin nawa."

Ya dubi yadin, ya sake dubansa da kyau. Ya ce, "Wannan ba rigar Inna ba ce?" Na ce ita ce, ya matsa mini daga haske. Ya matsa, ya tsaya yana kallo har na buga ƙusar ƙarshe. Baba ya fito, ya shafa, ya yi tambayarsa. Kafin in amsa Yaya ya ce, "Ni ne, Baba."

Baba ya dube shi sama da ƙasa, mutum da furfura a gemu da makullin mota a hannu. Ya ce, "Ai da gani hannunka ne. Tun kana yaro ba ka da natsuwa. Riƙe nan." Yaya ya ajiye makullin ya riƙe. An yi masa faɗa har rana ta take, a kan yadda yake riƙewa, a kan yadda yake numfashi a kan aiki, a kan wata jaka da ya yar a makaranta ya ce sace ta aka yi. Ban taɓa ganin mutum yana shan faɗa yana jin daɗi haka ba. Da zai tafi ya tsaya a gaban firji ya dubi kwaɗon. Bai ɗauka ba, bai kuma sa ba. Ya ce, "A bar shi nan tukuna." Na ce firji bai yi ƙorafi ba.

Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne yadin. Tuwid saƙarsa sako-sako ce, ba ya son a yi ta huda shi. Duk ƙusar da aka zare sai ta fito da zare a jikinta. Gefen ya fara warwarewa. Na bi shi da keke na kama bakin, na naɗe, na sa masa shafi ta ciki. Ya ɗan jure, sannan ya ci gaba da abinsa. Kullum in share ƙarƙashin kujerar in kwashe gashin toka cikin tafin hannu, in rasa inda zan kai, don ba na iya zuba shi a shara. Akwai wani gwangwanin madara da nake tarawa a ciki.

Na nemi dabara. Na aro kujerar maƙwabciyata wadda sosonta ya lotsa, na ajiye masa a tsakiyar falo. Ya duba ta sosai, ya ce aiki ne babba, sai dai a kai shago, ya ɗauke ta ya nufi ƙofa. Da ƙyar na raba shi da ita. Na sake yanko sabon tuwid daga kanti in ga ko zai karɓa yanzu da hannunsa ya dawo kan aiki. Ya shafa, ya ce ulu ne mai kyau, Allah ya sa mu more shi, ya fara neman takalmi. Na yi sauri na ɗauko na Inna na danƙa masa a hannu. Ya murza, ya zauna a ƙasa, ya ce a miƙo filaya.

Hannun rigar na dama ya kai inda ba ya rufe katako. Na jawo akwatin na farke na hagu, rigar ta koma falmaran. Na auna abin da ya rage da ido, gaba biyu da baya, sai na daina aunawa. Tsoro nake ji, kuma ba wanda na gaya wa. Duk sanda na buɗe firji zan ɗauki ruwa sai na ga kwalin nan a sama, ya yi ƙura amma yana nan.

Wata safiya ruwan banɗaki ya tsaya da wuri. Ban ji ba. Ina tsugune, na gama zare ƙusoshin, yadin na hannuna ina juya shi, sai na ga ƙafafunsa a gefena, jiƙaƙƙu, ba takalmi. Na kasa ɗaga kai. Na jira tambayar.

Bai yi ta ba. Ya dafa kafaɗata ya tsuguna a hankali, gwiwoyinsa na ƙara. Ya karɓi yadin ya ɗaga gefen wajen hasken taga, yana kallon ramukan da suka jeru kamar na rariya. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Almakashi."

Na ce, "Na'am, Baba."

"In za ki juya shi, ki riƙa bin tsofaffin ramukan. Kada ki huda sabo. Rigar Innarku ba ta da yawa."

Na ce to.

Ya miƙa mini yadin, ya dafa kujerar ya tashi da ƙyar. Ya ce bai gama wanka ba. Ya koma banɗaki ya ja ƙofa, ya buɗe ruwa da ƙarfi. Na share fuskata da gefen mayafi, na naɗe kan gudumar da tsumma, na lalubo ramin farko na sa ƙusa.